HERMAN HOLLERITH: MUTUMIN DA YA SAUƘAƘA WA AKAWU AIKIN ƘIDAYA

A zamanin mulkin En'e, idan lokacin ƙidayar haraji ya kewayo, malaman hakimi sukan fita tare da dagatai da masu unguwanni, su bi garuruwa irin su Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari gida gida, suna rubuta sunayen masu biyan haraji a cikin littafi. Rubutun ba shi ne abin wahala ba. Wahalar tana zuwa ne bayan an koma zaure, sa'ad da za a tara jumla. Idan an gama lissafi, sa'an nan aka aiko daga Sakkwato ana tambayar mutum nawa ne manoma, mutum nawa masaƙa, to, ba makawa sai malam ya koma shafin farko ya sake bin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Kowace sabuwar tambaya sabon aiki ce, kuma kowane sabon aiki ƙofa ce ta kuskure.

Irin wannan wahala ce, amma a kan mutane miliyan hamsin, ta sa wani saurayi Ba'amurke mai suna Herman Hollerith ya ƙera na'urar da ta zama kakar na'urorin adana bayanai da ake gani a kan teburan ofisoshi. Tarihinsa ya ƙunshi abu biyu: yadda ya ƙera na'urar, da kuma yadda ya shafe fiye da shekara ashirin yana fama da gyaranta da kyautata ta da neman riƙe masu aiki da ita. Kashi na biyun nan ya fi na farko wuya.

HAIHUWA DA KARATU

An haifi Herman Hollerith ran 29 ga watan Fabrairu, 1860, a birnin Buffalo na Jihar New York ta ƙasar Amurka. Iyayensa Jamusawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma mahaifinsa malamin makaranta ne, amma ya mutu tun Herman yana ƙaramin yaro. A makarantar firamare bai yi fice ba, don kuwa haɗa baƙaƙen Turanci ya ba shi wuya ƙwarai, har ta kai ga an cire shi aka samo masa malamin da zai koya masa a gida. Sai dai Allah ya hore masa kan lissafi da son sanin yadda injuna ke aiki. A 1875 ya shiga Kwalejin Birnin New York, daga can ya wuce makarantar koyon haƙar ma'adinai ta Columbia, inda ya fito da takardar shaidar injiniya a 1879, yana da shekara 19 da haihuwa.

Ɗaya daga cikin malamansa, Farfesa William Trowbridge, ya samu aiki a ofishin ƙidayar jama'a ta 1880, sai ya ɗauki ɗalibin nan nasa ya zama mataimakinsa. Ta haka Hollerith ya isa Washington, aka ba shi aikin tara alƙaluman masana'antu.

Ƙidayar jama'a a Amurka ba abin wasa ba ce. Tsarin mulkin ƙasar ya wajabta a yi ta kowace shekara goma, domin da ita ake raba wa jihohi kujerun majalisar wakilai. A ƙidayar 1880 an samu mutum 50,155,783, kuma duk bayanan da aka tattara game da su da hannu aka riƙa warware su. Akawu yakan ɗauki takardar gida guda, ya duba amsa, ya ja ɗan layi a cikin wani gurbi a kan babbar takarda, ya ɗauki ta gaba. Aikin ya ci wajen shekara takwas kafin a kammala. Ga shi kuma baƙi suna ta kwararowa daga Turai. Masu hangen nesa suka fara tsoron kada ƙidayar 1900 ta riski ta 1890 ba a gama lissafinta ba.

A cikin ofishin akwai wani likitan soja, Dokta John Shaw Billings, wanda ke kula da lissafin haihuwa da mutuwa. Shi ne ya fara nuna wa Hollerith cewa irin wannan aiki na ja-layi-ka-ƙirga ya kamata a ce inji ne ke yinsa. Maganar ta zauna a zuciyar saurayin, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai ɓoye cewa daga Billings shawarar ta fito ba.

DAGA TIKITIN JIRGI ZUWA KATI

A 1882 Hollerith ya koma koyarwa a babbar makarantar fasaha ta Massachusetts, amma koyarwa ba ta dace da halinsa ba, shekara guda ya yi ya bari. Daga nan ya kama aiki a ofishin gwamnati mai yi wa sababbin ƙirƙire-ƙirƙire rajista, inda ya koyi yadda mai ƙirƙira ke tsare haƙƙinsa a gaban shari'a. Ran 23 ga Satumba, 1884, ya shigar da takardarsa ta farko ta neman rajistar na'urar lissafi. A waɗannan shekaru ya gwada sa'arsa kuma a kan birkin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, amma kamfanonin jiragen ba su karɓa ba.

Da farko ya yi tunanin a riƙa huda bayanan mutane a kan doguwar takarda mai naɗi kamar rawani. Bai daɗe ba ya gane aibinta: idan ana neman mutum guda, ko wani rukuni na mutane, sai an warware naɗin duka. Mafita ta zo masa ne daga abin da ya gani a cikin jirgin ƙasa. A wasu jiragen yammacin Amurka, mai duba tikiti yakan huda tikitin fasinja a wurare dabam dabam domin nuna kamanninsa, watau ko namiji ne ko mace, dogo ko gajere, da launin gashinsa, don kada wani ya shiga da tikitin wani. Hollerith ya ga cewa abin da ƙidaya ke bukata ke nan: kowane mutum a ba shi katinsa shi kaɗai, kowane gurbi a kan katin ya tsaya a madadin amsa guda. Kati ana iya ware shi, a jera shi, a cire shi, a mayar da shi. In an yi kuskure, sai a yar da kati ɗaya a huda wani, sauran suna nan yadda suke.

Na'urar da ya ƙera ta yi kama da teburin akawu na katako, mai allo a tsaye a bayansa. A jikin allon akwai fuskoki 40 masu kama da na agogo, kowace tana iya ƙirga har 9,999. A hannun dama akwai wani matsi mai ɗauke da ƙananan allurai masu yawa, a ƙarƙashinsu kuma ga ƙananan kofuna cike da zaiba. Akawu zai ɗora kati, ya danna matsin. Inda babu huda, katin ya tare allura. Inda akwai huda, allura ta ratsa ta taɓa zaiba, wutar lantarki ta bi ta kanta, hannun agogon da ya dace ya matsa gaba da ɗaya. Sa'an nan ƙararrawa ta buga, alamar an ƙirga katin. Idan ba ta buga ba, akwai kuskure a jikinsa, sai a ajiye shi gefe a koma ga takardar asali, domin kowane kati yana da lambar da ta haɗa shi da takardarsa. A gefen teburin akwai akwati mai ɗakuna da yawa, kowane da murfinsa. Da an danna kati, murfin ɗakin da ya dace zai buɗe da kansa, akawu ya jefa shi ciki. Da haka ake ƙirga ana warewa a lokaci guda.

Babban amfanin na'urar shi ne ana iya haɗa wayoyinta ta yadda agogo guda zai amsa tambaya mai rassa, misali mata nawa ne masu aure, 'yan shekara ashirin zuwa talatin, waɗanda aka haifa a ƙasar waje. Tambayar da a da ake jin tsoron yi saboda yawan aikinta ta zama abin da ake amsawa da bin katuna sau ɗaya.

GASAR 1889

Hollerith bai tunkari gwamnatin tarayya kai tsaye ba. Ya fara gwada na'urar a kan lissafin mace-mace na birnin Baltimore, sa'an nan a New Jersey da birnin New York, da kuma ofishin babban likitan soja, yana gyara abin da ya gani bai yi daidai ba. Ran 8 ga Janairu, 1889, aka ba shi takardun rajistar na'urar.

A wannan shekara shugaban ƙidaya, Robert Porter, ya shirya gasa tsakanin dabaru uku. Aka ɗauko bayanan mutum 10,491 na birnin St. Louis daga ƙidayar 1880, aka ba kowane mai takara. Abokan karawarsa biyu, William Hunt da Charles Pidgin, sun zo da dabarar kwafe bayani a kan ƙananan takardu masu launi, a ware su da hannu. Hollerith ya gama huda katunansa cikin awa 72 da minti 27, alhali kuwa wanda ya fi sauri cikin sauran biyun ya haura awa 100. A wajen tara jumla ne tazarar ta fito sarai: shi awa 5 da minti 28 ya yi, mai bi masa kuwa fiye da awa 44. Aka ba shi aikin ƙidayar 1890.

Kafin shekarar 1890 ta ƙare aka bayyana cewa mutanen Amurka 62,622,250 ne, kuma an ƙiyasta cewa na'urorin sun rage wa gwamnati kashe kuɗi wajen dala miliyan biyar. Amma ba kowa ya yi murna ba. Mutane da yawa sun sa rai adadin zai fi haka, kuma wasu birane sun ga an rage musu girma, saboda haka wasu jaridu suka ɗora laifin a kan injuna. A wannan shekara ce Columbia ta ba shi digirin dakta a kan wannan aiki, a cikinta kuma ya auri Lucia Talcott, wadda suka haifi 'ya'ya shida da ita.

WAHALAR RIƘO

Tun daga farko Hollerith ya yanke shawarar ba zai sayar da na'urorinsa ba, haya zai riƙa bayarwa, katunan kuma a wurinsa za a saya. Wannan shawara ta kawo masa kuɗin shiga a kai a kai, amma ta ɗaura masa nauyi a wuya: duk na'urar da ta tsaya, shi ne da alhakin tayar da ita. A lokacin ƙidayar 1890 makanikansa ba su rabu da ofishin ba. Ɗaya daga cikinsu ya ba da labari daga baya cewa sau da yawa ba injin ne ke da laifi ba, wani akawu ne da ya gaji yake zuƙe zaibar kofi guda a ɓoye domin na'urar ta tsaya ya samu hutu.

Matsala ta biyu ita ce ƙidaya sau ɗaya ake yi a shekara goma. Da aka gama ta 1890 sai na'urori suka dawo masa, hanyar kuɗi ta toshe, iyalinsa suka shiga ƙunci. Ya nemi kasuwa a ƙasashen waje, ya kuwa samu: Austriya da Kanada da Norway sun yi aiki da dabararsa, kuma ya je Rasha da kansa, inda aka yi amfani da na'urorinsa a ƙidayar farko ta daular, ta 1897, wadda ta samu mutum fiye da miliyan 125. A 1896 ya kafa kamfaninsa, Tabulating Machine Company.

Abin da ya fi koya masa darasi shi ne hulɗarsa da kamfanin jirgin ƙasa na New York Central, mai fama da miliyoyin takardun kaya kowace shekara. Gwajin farko bai yi nasara ba, aka mayar masa da na'urorinsa. Dalili kuwa shi ne na'urar ƙidaya ɗaya-ɗaya take ƙirgawa, shi kuwa akawun jirgi yana bukatar tara nauyin kaya da kuɗin dako. Hollerith ya koma ya sake tsarin katin, ya jera lambobi daga sifiri zuwa tara a layi layi, ya kyautata sashen da ke tara kuɗi, har kamfanin ya amince ya karɓa. Daga nan sauran kamfanonin jiragen ƙasa da na inshora da manyan kantuna suka biyo baya. Ya ƙera abin huda mai maɓallai, ya ƙera na'urar da ke jan katuna da kanta ba sai an ɗora ɗaya ɗaya ba, da wata mai ware su. A 1906 ya fito da allon wayoyi wanda ake sauya wa haɗi, ta yadda na'ura guda za ta yi aikin albashi yau, gobe ta yi na kaya, ba tare da an kwance ta ba.

Sai dai a inda ya fara, a nan ya yi asara. Hollerith mutum ne mai saurin fushi, ba ya son a taya masa farashi. Bayan ƙidayar 1900, wadda ita ma da na'urorinsa aka yi, ofishin ƙidaya ya zama na dindindin a 1902, kuma sabon shugabansa, S. N. D. North, ya duba takardun haya ya ga kuɗin ya yi yawa. Hollerith ya ƙi sassautawa, yana ganin ba su da wata hanya sai shi. A 1905 aka raba gari. Ofishin ya buɗe ɗakin ƙira nasa, ya ɗauki wani injiniya mai suna James Powers, kuma da na'urorin ofishin aka yi yawancin aikin ƙidayar 1910. Hollerith ya kai ƙara kotu, ƙarar ba ta amfane shi da kome ba. A 1911 Powers ya kafa nasa kamfanin, ba da daɗewa ba kuma ya fito da na'ura mai buga sakamako a kan takarda, alhali masu aiki da ta Hollerith suna nan suna kwafe lambobi da alƙalami. Tsananin riƙonsa ne ya haifar masa da abokin hamayya.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A 1911, lafiyarsa ta fara raguwa, likita kuma ya shawarce shi ya rage aiki. Wani attajiri mai suna Charles Flint ya saye kamfaninsa ya haɗa da wasu, aka kira sabon kamfanin Computing-Tabulating-Recording Company. Hollerith ya samu wajen dala miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a kan hannun jarinsa, ya zauna a matsayin injiniya mai ba da shawara. A 1914 aka ɗauko Thomas Watson ya shugabanci kamfanin. Shi Watson ɗan kasuwa ne, ya san darajar sauraron kokekoken masu haya, ya kuma kafa sashen injiniyoyi domin kyautata na'urorin. Jininsu bai haɗu da Hollerith ba. A 1921 Hollerith ya janye gaba ɗaya, ya ba da ƙarfinsa ga gonarsa da ke bakin ruwa a Jihar Virginia, yana kiwon shanu da wasa da jiragen ruwa. A 1924 aka sauya wa kamfanin suna ya zama IBM.

A watan Janairu na 1921 gobara ta tashi a ginin ma'aikatar ciniki a Washington, inda aka jibge takardun asali na ƙidayar 1890. Wuta da ruwan kashe ta suka lalata su, abin da ya saura kuma daga baya gwamnati ta sa aka lalata shi. Jumlolin da na'urar Hollerith ta fitar suna nan a littattafai, amma sunayen mutanen da aka ƙirga kusan duk sun salwanta, saboda ba a ajiye kwafinsu a wani wuri ba.

Herman Hollerith ya mutu a Washington ran 17 ga Nuwamba, 1929, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 69. An binne shi a maƙabartar Oak Hill da ke unguwar Georgetown, inda ya yi yawancin zamansa.

ABIN DA YA BARI

Katinsa ya daɗe bayansa. A 1928 IBM ta fito da kati mai layi 80, wanda aka yi ta aiki da shi har cikin zamanin kwamfuta. Kamfanin Powers kuwa ya shiga cikin Remington Rand, wanda a 1951 ya miƙa wa ofishin ƙidayar Amurka kwamfutar UNIVAC. A 1970 wani ma'aikacin IBM, Edgar Codd, ya bayyana tsarin ajiye bayanai a cikin jadawali masu alaƙa da juna, wanda ya zama ginshiƙin rumbunan bayanai na zamani. Da ƙananan kwamfutoci suka sauko kan teburan ofis, sai aka samu manhajoji irin su dBASE a farkon shekarun 1980 da Microsoft Access a 1992, waɗanda akawu ke buɗewa ya ƙara suna, ya gyara kuskure, ya ware rukuni. Wanda ya dubi irin wannan jadawali zai ga katin Hollerith a cikinsa: kowane layi mutum guda ne, kowane gurbi amsar tambaya guda. Masu rubuta irin waɗannan manhajoji kuma sun gaji nauyin da ya ɗauka, don kuwa aikinsu ba ya ƙarewa ran da suka fito da ita. Kullum akwai kuskuren da za a gyara da sabuwar bukatar da za a biya.

Dabarar ta yi amfani, ta kuma yi ɓarna a hannun azzalumai. Bayan mutuwarsa, gwamnatin Hitler ta yi aiki da na'urorin kati a ƙidayar Jamus ta 1933 da ta 1939, waɗanda suka taimaka mata wajen tantance Yahudawa.

A Nijeriya an ɗanɗani irin rigimar da ta biyo bayan ƙidayar 1890, har ma fiye. An soke ƙidayar 1962, ta 1963 mai mutum miliyan 55.6 ta jawo gardama mai zafi tsakanin jihohi, ta 1973 kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. A cikinsu duka, abin da aka yi jayayya a kai shi ne gaskiyar abin da aka rubuto daga gidaje. Na'ura abin da aka ba ta take ƙirgawa. Saboda haka ma'aikacin da ke riƙe da rajistar 'yan makaranta ko ta albashi a Boɗinga, ko da littafi yake aiki ko da kwamfuta, aikinsa bai bambanta da na akawun Hollerith ba: ya shigar da gaskiya, ya koma ga takardar asali idan ya yi shakka, ya gyara kuskure tun yana ɗanye, ya kula da lafiyar kayan aikinsa, ya kuma ajiye kwafi a inda wuta ɗaya ba za ta cinye duka ba.